Yadda na warware batun kuɗin harajin gida da aka maido wa yayana

Yayana ya dawo Garwa da zama, amma yana da gida a Amurka, kuma ni ke kula masa da takardun haraji. A 2024 hukumar gundumar da gidan yake ta maido masa da wani ɓangare na harajin gida na 2023, bayan an rage ƙimar gidan. Da cakin ya iso sai ya ce mini: "Ƙanena, wannan ai kuɗina ne suka dawo, me ya haɗa su da harajin kuɗin shiga?"

A dokar Amurka, abin dubawa shi ne ko mutum ya ci moriyar harajin a baya, wato ko biyan harajin gidan ya sa an rage masa harajin kuɗin shiga. Da a shekarar biyan aka maido da kuɗin, da sai a cire su kawai daga abin da zai nemi rangwame a kansa. Amma tunda na shekarar baya ne, sai na ɗauko takardun 2023 na duba Schedule A, wato takardar da ake jera abubuwan da ake neman rangwame a kansu, domin wanda ya karɓi rangwamen bai-ɗaya (ƙayyadadden adadin da ake cirewa ba tare da an jera komai ba) babu abin da zai bayyana, shi kuwa Yaya ya jera abubuwan da ya biya ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne aikin yake. A waccan shekarar rangwamen harajin jiha da na gida ba ya wuce dala 10,000, kuma ko bayan na cire kuɗin da aka maido, abin da ya biya ya haura wannan iyaka. Ke nan bai amfana da su ba, don haka ban saka su cikin kuɗin shigarsa na 2024 ba. Na adana lissafin tare da wasiƙar gundumar, ko da IRS, hukumar harajin tarayyar Amurka, za ta tambaya.