Zuwa taron babura na Sturgis da abokai: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara

Sturgis ƙaramin gari ne a yammacin jihar Dakota ta Kudu a Amurka, mutanensa ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba. Amma duk farkon watan Agusta, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa a can, garin yakan cika ya batse da babura har kwana 10. Wani dillalin baburan kamfanin Indian na Amurka, Clarence Hoel, wanda aka fi sani da Pappy, shi ya fara taron a 1938 tare da ƙungiyarsu ta Jackpine Gypsies, kuma mutum 9 kacal suka yi tseren farko. A taro na 75, a 2015, mahalarta sun haura 700,000. Mu shida muka taso daga Minneapolis, tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma yawancin abin da zan faɗa a jikinmu muka koye shi.

Babban kuskure shi ne a bar wanda ya fi kowa iya tuƙi ya yanke wa ayari gudun da za a yi. Haka muka yi. Na gabanmu ya shekara 20 a kan babur, ƙaraminmu kuwa shekararsa guda da samun lasisi. A kan miƙaƙƙiyar hanyar I-90 ba wanda ya lura da komai. Sai da muka shiga tsaunukan Black Hills, muka hau Iron Mountain Road, hanyar da tsawonta bai wuce kilomita 27 ba amma tana da kwana 314, da ramukan dutse uku, da gadoji uku masu murɗewa kamar dodon koɗi. A wata kwana na ga tayar yaron ta tsallake layin tsakiya, ga mota tana tahowa. Allah ya kiyaye. Da muka tsaya ya cire hular kwano, zufa ta jiƙa masa gashi sharkaf, ya kasa ko buɗe gorar ruwa. Ya ce da ni, "Yaya, wallahi tun ɗazu hannuna ke rawa. Kunya ce ta hana ni magana."

Wannan kunyar ita ke kayar da mutane. Ba mai son a ce shi ne ya jawo wa ayari nawa, sai ya riƙa murɗa totur yana bin fitilar na gabansa a gudun da ya fi ƙarfinsa. Fatake na da sun san maganin wannan: akwai madugu, akwai mai kula da baya, kuma da tafiyar jaki mai rauni ake auna zango. Ku sa ƙwararre ɗaya a gaba, ƙwararre ɗaya a ƙarshe, sabon hannu kuwa ya bi bayan madugu kai tsaye, inda za a riƙa ganinsa a madubi. Kada ayari ya wuce babur biyar zuwa bakwai. In kun fi haka ku rabu gida biyu. A miƙaƙƙiyar hanya ku jera a karkace cikin layi ɗaya, na farko a hagu, na biyu a dama da tazarar daƙiƙa ɗaya, na uku a hagu da tazarar daƙiƙa biyu daga na farko. Da an shiga kwana-kwana sai a koma ɗaya bayan ɗaya, a ƙara tazara. Sannan madugu ya faɗa da bakinsa tun kafin a tayar da inji: duk wanda aka bari a baya kada ya yi gudu, za a jira shi a mahaɗa ta gaba. Sai babba ne ya faɗi haka ƙarami yake samun sakewa.

A kwana kuma, inda ido ya kalla nan babur yake nufa. Wanda ya tsorata yakan ƙura wa dutsen da yake tsoro ido, sai ya tafi kansa kai tsaye. A rage gudu tun kafin a shiga, a juya kai a kalli mafita, kada a damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana.

Maganar masauki ba ta da tsawo. Otal-otal na Sturgis da Deadwood da Spearfish da Rapid City suna cika tun watanni kafin taro, kuɗinsu kuma yana ninkawa. Wanda ya ce sai ya isa zai nema, to ya shirya kwana a gefen hanya. Sansanonin tanti irin su Buffalo Chip sun fi sauƙi, amma ku sani ana kiɗa da shan barasa har tsakar dare. In barci kuke so, ko kuna son wurin da za ku yi sallar asuba cikin natsuwa, ku kama ɗaki ko gidan haya a nesa kaɗan. Rapid City tafiyar kusan kilomita 45 ce. Ku kuma yanke maganar kuɗi tun a gida, wa zai biya me, a rubuta. Na ga abota ta yi tsami a kan kuɗin ɗaki.

Sai babur kansa. Mutane da yawa sukan kai shi wurin bakanike ana gobe tafiya, wasu ma su sayi sabo fil su hau ranar farko. Duka biyun kuskure ne. A yi juye, a duba taya da birki da sarƙa ko bel da mako biyu, domin in akwai abin da aka ɗaura ba daidai ba ya fito tun kana kusa da gida. Ka loda kayanka duka, ka ɗauki wanda za ka goya in akwai, ka yi tafiyar gwaji ta awa biyu. Babur mai kaya wani babur ne daban: birki ya fi jinkiri, juyawa ta fi nauyi, iskar taya ma sai an ƙara yadda littafin babur ya nuna. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, kusa da tsakiya. A lokacin taro layin masu gyara a Sturgis yana iya cinye maka yini cur.

Da an haye kogin Missouri a Chamberlain, ƙasa takan buɗe fetal, ba bishiya ba inuwa, gidajen mai kuma su yi nisa da juna. Iska tana bugowa ta gefe, manyan motoci suna ƙara mata ƙarfi. A nan ƙaramin tanki shi ne ma'auni. Ku tambayi wanda tankinsa ya fi ƙanƙanta nisan da yake kaiwa, ku tsara zango a kan haka, kuma duk inda aka tsaya kowa ya cika, ko da yana da saura. Kada ku ce sai kun cinye tafiyar a yini ɗaya. Sauri ya haifi nawa. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salla, sai ku daidaita tsayuwar shan mai da lokutan salla, ku huta sau ɗaya.

Bahaushe yakan ce ai shi ɗan rana ne, zafin Amurka ba zai yi masa komai ba. Wannan tunanin ya cuci da yawa daga cikinmu. A kan babur iska tana busar da zufa kafin ka san ta fito, sai ka ji kanka yana sarawa, tunaninka yana nawa, kai kuma kana kan gudun kilomita 120. Cire riga ba ya sanyaya jiki, ƙona fata yake yi. A sa rigar kariya mai huda-huda, a jiƙa ƙyalle a ɗaura a wuya, a sha ruwa a kowane zango ko ba a ji ƙishi ba. Kuma wannan zafin ba shi da alkawari. Da la'asar hadari yakan haɗu a kan Black Hills cikin ɗan lokaci, ya sauko da ƙanƙara, dare kuma ya yi sanyi saboda tudu. Rigar ruwa ta zauna a saman jaka, ba a ƙasa ba. In ka ga gabas ko yamma ta yi baƙi ƙirin, nemi rumfar gidan mai ka fake.

Dokar jihar ta wajabta hular kwano ga 'yan ƙasa da shekara 18 ne kawai, shi ya sa za ka ga dubbai suna tafiya kai a buɗe. Ni dai ban yarda kowa a ayarinmu ya cire tasa ba, kuma ba zan canza ra'ayi ba. Lasisinka ya kasance yana ɗauke da izinin tuƙa babur, inshora kuma tana aiki. Kutsawa tsakanin motoci irin na 'yan acaɓa laifi ne a Dakota ta Kudu, ga 'yan sanda ko'ina a wannan makon. Ko ba ka shan barasa, ka tuna wasu da ke kan hanya sun sha, ga barewa tana tsallaka titi da magariba. Gara a koma masauki da sauran haske.

A gandun Custer State Park, inda ake biyan kuɗin shiga kafin a bi Needles Highway ko Wildlife Loop, akwai ɓaunar Amurka fiye da 1,000 suna yawo a sake. Namiji yana kai kilo 900, yana gudun da ya haura kilomita 50 a awa, kuma Yuli da Agusta lokacin barbararsu ne. A Agustan 2020 wata mata da ta zo taron ta sauka daga babur ta matsa kusa da ɗan maraƙi, wata ɓauna ta saƙalo bel ɗinta da ƙaho ta yi ta wujijjiga ta. In garke ya tare hanya, ku tsaya nesa, kada a yi hon, kada a murɗa totur, ku bar wa kanku filin juyawa. A Bear Butte kuwa, dutsen da ke kusa da Sturgis, za ku ga ƙyallaye masu launi ɗaure a rassan bishiyoyi. Wurin ibadar Lakota da Cheyenne ne, ƙabilun 'yan asalin ƙasar Amurka. Ba a taɓawa, ba a ɗaga murya.

Waya takan ɗauke a cikin kwazazzabai irin su Spearfish Canyon, a Main Street, babban titin Sturgis, kuma babura dubbai ne jere kusan iri ɗaya. Ku sa wuri ɗaya da lokaci ɗaya na haɗuwa kowace rana, kowa ya ɗauki hoton inda ya ajiye babur, ya sa takarda a aljihu mai lambar wanda za a kira da rukunin jininsa.

Dawowa ce mutane suka fi yi wa sakaci. An kwana huɗu ko biyar ba barcin kirki, kowa ya ƙagu ya ga iyalinsa, ga aiki ranar Litinin, sai ayari ya watse, kowa ya kama gabansa. Ku ware yini guda na hutu kafin tasowa, ku sake auna iskar taya da asuba tun tana da sanyi, ku dawo da jerin da kuka tafi da shi. Mu a Sioux Falls muka yada zango a dawowa, yaron nan yana bayan madugu har ƙofar gidansu.