Yadda za ka gano inda ƙara take fitowa a injin mota ko da gareji ya cika da hayaniya

Duk wanda ya taɓa buɗe bonet a cikin shago mai rufin kwano ya san wahalar nan, kana jin kiii kiii amma ka rasa daga ina take, ka rantse altaneta ce ashe famfon ruwa ne. Kunnenka lafiyarsa ƙalau. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, kafin ka ƙifta ido ya bugi bango ya bugi kwano ya dawo, sai ka dinga jinsa ta ko'ina.

In da hali a tura motar fili, nesa da katanga, ka roƙi maƙwabci ya kashe janaretonsa ko na minti 2 ne.

Daga nan ka rufe ido ka dinga juya kai a hankali. Ƙwaƙwalwa tana gane ɓangare ne ta tazarar isar sauti kunnen dama da na hagu, tazarar ma bata kai kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ba, in abu yana gabanka sak ko bayanka kuwa sautin kan iso kunnuwan biyu tare, shi ya sa sai ka rikice. Kuma ka kama farkon ƙarar, shi ne ya zo maka kai tsaye, abin da ya biyo baya amsa-kuwwa ce kawai. Ka sa yaronka ya taka totur ya saki, ya sake takawa, kai kuma kana sauraron inda ta fara tashi.

Amma wallahi ni abin da na fi yarda da shi tiyo ne. Ka yanko kamar tsawon hannu, ka sa bakinsa guda a kunne, ɗaya kunnen ka toshe da yatsa, ka bi sassan injin ɗaya bayan ɗaya da ɗaya bakin tiyon, inda ta fi ƙarfi nan ne. In boris kake zargi sai ka ɗauko doguwar sukundireba, tsininta a jikin ƙarfen da baya juyawa, mariƙin a kunnenka, lalataccen boris za ka ji shi yana gurza kamar an zuba masa yashi.

Dan Allah banda babbar riga kusa da bel, kuma fankar lagireto mai lantarki tana tashi da kanta ba sallama. Kukan bel kuwa ɗan yayyafa masa ruwa, in ya yi shiru na ɗan lokaci to shi ne.