Shafinka ba ya fitowa a Google? Ga inda za ka duba kafin ka kashe ko kwabo

Koken masu shafukan intanet kusan guda ne: ana ta rubutu, amma baƙi ba sa zuwa. Sai dai a ƙarƙashin wannan koke akwai cututtuka uku, kowacce da maganinta. Ko dai Google bai shigar da shafin cikin kundinsa ba, ko ya shigar amma mutane na ganinsa suna wucewa, ko kuma suna shigowa su fita ba su yi abin da ya kawo su ba. Kada ka taɓa komai sai ka san wacce ke damunka.

Fara da Google Search Console, manhajar Google da ke nuna maka yadda shafinka yake a sakamakon bincike, kyauta ne. Zai nemi ka tabbatar da cewa shafin naka ne, kuma hanyar DNS, wato ta saitin sunan shafin, ta fi inganci: zai ba ka layin rubutu da ya fara da google-site-verification, ka kai shi wurin kamfanin da ka sayi sunan shafin, ka liƙa shi a matsayin TXT. Wannan hanya tana haɗe maka duk sigogin adireshinka, mai www da marar shi, http da https, a wuri ɗaya. Kada ka goge layin daga baya, domin Google yakan dawo ya duba. Sannan ka miƙa masa taswirar shafin, wato fayil mai jerin adireshin duk shafukanka. WordPress, manhajar gina shafi, yana ƙirƙirar ta da kansa tun siga ta 5.5 da ta fito a 2020, a adireshin wp-sitemap.xml. Taswira ɗaya tana ɗaukar adireshi har 50,000.

Yanzu ɗauki adireshin rubutun da ka fi ji da shi, ka sa a akwatin da ke can saman Search Console. Idan ya ce ba ya cikin Google, ga abu biyu da sukan jawo haka. Na farko wani ɗan akwati ne a saitin karatu na WordPress da ke hana injinan bincike shigar da shafi. Masu gina shafi sukan kunna shi lokacin aiki, su manta su kashe, sai kowane shafi ya ɗauki umarnin noindex, wato kada a shigar da shi kundi. Wata shida ana zuba rubutu, alhali ƙofar a kulle take daga ciki. Na biyu fayil ɗin robots.txt ne, mai gaya wa injinan bincike inda aka yarda su karanta: idan ka ga layin Disallow: / shi kaɗai a ƙarƙashin User-agent: *, to an hana Google karanta komai. A nan akwai abin da ke rikita mutane da yawa. Shi robots.txt karantawa yake hanawa, ba ya cire shafi daga kundi. In kana son a cire wani shafi, sa masa noindex ka bar Google ya karanta shi. Idan ka toshe shi a robots.txt ba zai ma ga umarnin ba.

Idan shafukan suna cikin kundi, sai ka koma rahoton Performance, nan ne aikin yake. Lambobi huɗu yake nunawa: sau nawa aka danna, sau nawa ka bayyana a sakamakon bincike, kaso nawa cikin ɗari na waɗanda suka gan ka suka danna, da kuma matsakaicin matsayinka. Yana riƙe bayanan wata 16. Zaɓi wata uku na baya, domin mako guda bai isa a yanke hukunci ba, ka nemo shafukan da ke bayyana da yawa amma suna tsakanin matsayi na 8 da na 20. Su ne na bakin ƙofa, gyara kaɗan ke tura su gaba, kuma sun fi sabon rubutu goma amfani.

A ce shafin girki ne, wani rubutu ya bayyana sau 2,000 amma sau 20 aka danna, wato kashi 1 cikin 100. Duba kalmomin da aka neme shi da su. In mutane "yadda ake dambun nama" suke rubutawa, kai kuma takenka "Daɗi kan daɗi a gidanmu", ka ga inda matsalar take. Sa kalmomin masu nema a farkon take, kada ya wuce haruffa 60 da yawa, don Google yana datse abin da ya zarce faɗin layi. Taƙaitaccen bayanin da ke fitowa ƙarƙashin take ba ya ɗaga matsayi, amma shi ke jawo yatsa. Cusa kalmomi a meta keywords, wurin kalmomi da mai karatu ba ya gani, kuwa ɓata lokaci ne, tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya amfani da su wajen jera sakamako.

Masu rubutu da Hausa suna da nasu batun, wato haruffa masu lanƙwasa. Da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ a madannin wayarsu, "kosai" suke rubutawa a wurin ƙosai. Kada ka lalata rubutunka saboda haka, amma ka tace rahoton da kowace siga ka ga wacce ke kawo mutane. A adireshi dai yi amfani da haruffa marasa lanƙwasa, domin ƙ takan koma %C6%99 idan aka kwafi linkin, ya yi tsawo ya yi muni a WhatsApp. In ka canja tsohon adireshi, ka tura shi zuwa sabon da lambar 301, wato umarnin da ke kai baƙo sabon adireshi kai tsaye, in ba haka ba duk linkin da aka taɓa yaɗawa ya mutu. Ka kuma tabbatar akwai lang="ha" a cikin lambar shafin, alamar da ke nuna cewa da Hausa aka rubuta shi.

Sauri ma a waya ake auna shi, don sigar waya Google yake dubawa. Ma'auninsa shi ne babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Sau da yawa hoto ne mai laifi: an ɗora shi kai tsaye daga kyamara da nauyin megabait huɗu ko biyar. Rage faɗinsa zuwa kamar fiksel 1,200, ka mayar da shi WebP, tsarin hoto mai ƙarancin nauyi. Mai karatu da ke lallaɓa datarsa ba zai tsaya jira ba.

Abin da baƙo ya yi bayan ya shigo kuma aikin Google Analytics 4 ne, wanda ya gaji tsohon tsarin a ranar 1 ga Yuli, 2023. Ranar da ka sa shi, shiga saitin ajiyar bayanai ka mayar da shi wata 14, domin a wata 2 yake zuwa, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Ka lura kada lambar bibiyar da Analytics ke ba ka ka sa a shafi ta shiga sau biyu, ta cikin jigon shafi da kuma ta wata ƙaramar manhaja, sai ya riƙa ninka maka adadin buɗe shafi kana murnar banza. Yawancin masu shigowa daga WhatsApp za su bayyana ne a rukunin Direct, kamar da hannu suka rubuta adireshin. Maganinsa ka ƙara ?utm_source=whatsapp&utm_medium=social a ƙarshen linkin kafin ka tura, duk da ƙananan haruffa, domin WhatsApp da whatsapp tushe biyu ne a wurinsa. Daga nan ka ware abu guda da kake so baƙo ya yi, kamar danna lambar waya ko cike fom, ka sa masa alamar muhimmin aiki. Duk gyaran da ka yi, rubuta ranarsa a littafi, ka bar shi kwana 28, sannan ka kwatanta da kwana 28 da suka gabace shi.