Yadda za ka shiga Kusko ba tare da tsayin dutse ya kayar da kai ba

Kusko, tsohuwar hedikwatar daular Inka a ƙasar Peru, tana kan tsayin kusan mita 3,400. Iskar can ba ta ƙosar da huhun baƙo.

1. Daga Lima, babban birnin Peru, ka hau jirgin sama, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. Ka tafi tsakanin Mayu da Satumba, lokacin rani, amma da rigar sanyi, don dare akwai hunturu.

2. Ranar farko kada ka yi komai. Ka kwanta, ka sha ruwa sosai, ka ci abinci mara nauyi. Masauki kan ba da shayin ganyen koka, wani tsiro na yankin. Ka sha a can, amma kada ka sako ganyen a jaka, haramun ne a ƙasashe da yawa. Idan ciwon kai ya yi tsanani ko numfashi ya gagara, nemi likita, ko ka gangara garin Ollantaytambo da ke yankin, ya fi Kusko ƙasa.

3. Washegari, a hankali, ka je Korikancha, haikalin rana da Sifaniyawa suka ɗora cocin Santo Domingo a kansa. Dubi yadda duwatsu suka haɗu babu laka.

4. Sai rana ta uku ka hau Saksaywaman, tsohuwar ganuwar Inka da ke kan tudu a saman garin. Sayi tikitin yawon buɗe ido tukuna.