Yadda ake dunƙule sel (ƙwayoyin halitta) a labo ba tare da sun manne wa faranti ba

'Yan uwa na labo a Garwa da Marwa, farantin da sel ba sa mannewa tsada gare shi, amma agaros (garin da ke daskarewa kamar jeli, sel ba sa manne masa) ma yana yi wallahi. Ku narka agaros kashi 1.5 cikin ɗari a otoklaf (na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi), ku zuba mikrolita 50 a kowane ramin faranti mai rami 96 tun da zafinsa, in ya daskare sai ku zuba sel kamar 5000, ku sa a inkubeta digiri 37, iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari. Don Allah kar a girgiza, kwana 3 ko 4 sun dunƙule. Ruwan abincinsu rabi ake canzawa, a hankali ta gefe. In dunƙulen ya haura mikromita 500 oksijin ba ya isa tsakiya, na ciki su fara mutuwa.