Masu hada tarmosta na injin kyankyasar kwai, ga inda ake yin barna

Salamu alaikum 'yan uwa. Yanzu a Garwa da Marwa, nan arewacin Kamaru, kusan duk saurayin da ya iya rike abin like waya ya hada akwatin kyankyasa da tsohon firigo ko katako, ampul (kwan fitila) biyu a ciki da dan sarkit mai kunnawa da kashewa, wato tarmosta. Abu ne mai kyau wallahi, amma kwai na ta lalacewa, sai a dora wa LM358, dan IC din da ke cikin sarkit din, laifi alhali shi aikinsa yake yi.

Babbar barnar tana wajen sond ne, wato dan kan nan mai jin zafi. Wani sai ya like shi jikin ampul ko ya rataye shi can sama kusa da murfi, to ai zafin wurin zai karanta ba na kwai ba, ya kashe wuta tun kwan na cikin sanyi. Wani kuma ya jefa shi kasa gefen kwanon ruwa, sai ampul ta yi ta ci har kwai ya dahu. Sa shi daidai tsayin bayan kwan, a tsakiyar tire, kar ya taba karfe, kuma ka sa karamin fanka na tsohuwar kwamfuta mai 12V ya rika juya iskar. Kwan kaza digiri 37.5 zuwa 37.8 yake so tsawon kwana 21, in ya dade a 39 da wani abu to ka fara asara. Kar ka yarda da alkalin da ka zana jikin potansiyo, wato abin murda saitin zafi, ka kunna akwatin babu kwai ya kwana ya wuni da ma'aunin zafi na asibiti a ciki, kana murdawa kadan kadan. Sond irin NTC 10k sunansa 10k ne a digiri 25 kawai, in zafi ya hau yana sauka, wajen 37 yana kusan 6k, saboda haka can za ka nemi saitinka.

Sai rele, wato makunnin da ke kunna ampul da kashe ta, mai kararrawa, tak tak tak ba hutawa. Wannan rashin tazara ne tsakanin inda zai kunna da inda zai kashe. Dauko rezistans babba, daga 470k zuwa mega daya, ka hada daga kafar fita ta LM358 zuwa kafarsa mai alamar +, shi ke nan ya natsu. Amma kar tazarar ta yi fadi, rabin digiri ya isa. Masu sayen tarmosta W1209 hadadde ku ma ku duba, yana zuwa ne da saitin P0 a kan C wato sanyaya, sai ka mai da shi H wato dumamawa, kuma P1 dinsa, wato tazarar, digiri 2 ne, ya yi wa kwai yawa, rage shi.

Diyod 1N4007 a kan nadin rele kar ka manta da ita, zanen farin ya kalli +12V, in babu ita BC547 dinka, transistan da ke jan relen, ba zai dade ba. In LM393 ka samu a kasuwa maimakon LM358, shi sai da rezistans 10k daga fitarsa zuwa +.

Bangaren 220V kuma don Allah a ji tsoron Allah, yara na wasa kusa da akwatunan nan. Raba layin kuran, wato na 220V, da na 12V nesa da juna, sa fiyus, rufe komai cikin roba. Ampul ta bi ta kafar NO ta rele, mai hadewa sai rele ya samu wuta, ba NC ba, domin in sarkit ya mutu wuta ta dauke, ba ta tsaya a kunne ba. Kuma ampul mai zare ake so, 60W haka, LED ba ta da zafin kirki. In hita mai 2000W za ka ja, dan shudin rele mai 10A zai kone bakinsa, nemi kontakta, wato babban rele mai daukar wuta da yawa.

Abu na karshe, namu ne na nan arewa. Watan Maris da Afrilu rana na wuce 40 a Garwa, dakin kwano ya fi haka ma, tarmosta kuma kashe ampul kawai ya iya, ba ya sanyaya komai. Kai akwatin dakin kasa mai inuwa, ka bude ramukan iska da rana. Lokacin hunturu kuma, Disamba da Janairu, ampul daya ba ta rike zafi da asuba, kara ta biyu ka lullube jikin akwatin da bargo amma ka bar ramukan a bude.