Kurakuran da ke ɓata gwajin hawan jinin ɓera

Ɗalibai a ɗakunan gwaji sukan ɗora wa na'ura laifi idan awon jinin ɓera ya zo a birkice. Galibi matsalar daga hannun mai aikin take.

Babban kuskure shi ne a ɗauka sinadarin ƙwaƙwalwa aiki ɗaya yake yi a ko'ina. Gulutamet, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, idan aka ɗiga shi da siririyar allura a wani gurbi da ake kira RVLM da ke gindin ƙwaƙwalwa, nan take jini zai hau, domin daga nan umarnin matse hanyoyin jini yake fita. Shi ɗin dai in ya sauka a wani gurbin da ake kira NTS, shi ma a gindin ƙwaƙwalwa, jini sauka zai yi, zuciya ta rage gudu. Tsakanin guraben biyu kuwa 'yan milimita ne. Saboda haka kada ɗigon ya wuce nanolita 50 zuwa 100 (nanolita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mililita), in ya yi yawa malala zai yi zuwa maƙwabta. A fara ɗiga zallar ruwan da ake narka sinadarin a ciki, mai pH (ma'aunin tsami) 7.4, a ga ko shi kaɗai zai motsa jinin. Bayan an gama a sa rini a wurin, a yanka ƙwaƙwalwar a duba inda bakin allurar ya tsaya. Ɓeran da allurarsa ta kauce a cire shi daga lissafi, komai kyan alƙalumansa.

Sai maganin sa barci, wanda ake ɗauka kawai don shi ne a kabad. Ketamin yana toshe NMDA, ɗaya daga ƙofofin da gulutamet ke ƙwanƙwasawa, fentobabital kuma ƙara wa GABA, sinadarin da ke rage aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ƙarfi yake yi. Ka ga ke nan an taɓa abin da ake son aunawa tun ba a fara ba. Yuretan, giram 1.2 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyin ɓera, bai cika danne tsarin da ke daidaita hawan jini ba, sai dai ba a farfaɗo da dabbar bayansa, kuma dole a sa safar hannu don yana iya jawo ciwon daji.

Ɓeran da ke cikin barcin magani ba ya riƙe ɗumin jikinsa. Da hunturu, kafin ka ankara wutsiyarsa ta yi sanyi ƙalau, awo ya lalace. A tsayar da zafin jikinsa kan digiri 37.

Masu awo ta wutsiya kuma su yi haƙuri su saba wa ɓera da bututun kamu, wanda ake tsare shi a ciki yana farke, kwana 5 zuwa 7. Tsoro yana sa jiki ya saki noradirenalin, sinadarin da ke matse hanyoyin jini, jini ya hau a banza. A riƙa awon lokaci ɗaya kullum, domin ɓera da dare yake yawo, jininsa ma a lokacin ya fi hawa.